Masaukin Baƙi Mai Ɗaki Dubu Uku

Duk wanda ya taɓa kai shanu Kurmi, ko ya je sayen goro Gwanja, ya san amfanin fatoma. Falke ya iso garin da bai san kowa ba, ga gajiya, ga dukiya a hannu. Sai ya nufi gidan fatoma. Nan za a ba shi ɗaki, a kawo masa ruwa da tuwo, a adana masa kayansa. Gari na wayewa fatoma ya nemo masa masu saye. In ciniki ya faɗa, ya karɓi la'adarsa. Kun ga ke nan ba don kwana kawai fatoma ya gina ɗakunan nan ba. Don ciniki ya gina su. Ran da kasuwa ta mutu, gidansa ma ya mutu.

To, a manyan biranen duniya akwai irin wannan gida, sai dai girmansa ya wuce misali. Sunansa otel. A nan ƙasar, da an ce otel sai waɗansu su kau da kai, suna tsammanin gidan giya ne da kiɗa. Akwai irin waɗannan, ba musu. Amma ainihin ma'anar kalmar ita ce masaukin baƙi wanda a ke biya. Cikin otel-otel kuwa akwai wani iri dabam, wanda a ke ginawa a tsakiyar birni musamman domin manyan tarurruka. Za mu ɗauki guda ɗaya mu duba, a birnin Shikago ta ƙasar Amurka.

Me ya sa Shikago?

Shikago tana bakin wani babban tabki mai suna Mishigan. In ka tsaya a gaɓarsa ba ka hangen ɗaya gaɓar, sai ka ce teku ne, amma ruwansa ba shi da gishiri. Garin sanyi ne ƙwarai. Da hunturu ƙanƙara kan rufe tituna, iska kuwa ta yi ta yankan fuska.

Abin da ya ɗaukaka garin shi ne hanya. Hanyoyin jirgin ƙasa na gabas da na yamma, da na kudu da na arewa, duk a nan suka haɗu. Daga 1865 har 1971 akwai wata babbar kasuwar dabbobi a garin, inda jiragen ƙasa ke sauke shanu da tumaki da aladu, mahauta su yanka, a aika da naman ko'ina cikin ƙasa. Inda hanyoyi suka haɗu kuwa, nan mutane ke haɗuwa, kamar yadda kuka san Kano. Mutumin gabashin Amurka da na yamma in suna son ganawa, Shikago ta fi musu sauƙi. Tun cikin 1860 wata jam'iyya ta yi taronta a nan, ta tsai da Abraham Lincoln, wanda ya ci zaɓe ya zama shugaban ƙasa.

Akwai wani attajiri a garin, sunansa James Stevens, da ɗansa Ernest. Suna da otel guda tun dā, suna kuma da kamfanin inshora, watau inda mutane ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan domin in sun mutu a biya iyalinsu. Da suka ga yadda baƙi ke kwararowa, sai suka ƙudura za su gina masaukin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Suka zuba dukiyarsu, suka ciwo bashi mai yawa a kai. Aikin ya ci dala wajen miliyan 30. Cikin watan Mayu na 1927 aka buɗe shi, aka sa masa suna otel ɗin Stevens.

Ɗakunan kwana 3,000 ne a ciki, kowane da makewayinsa da famfonsa. A lokacin nan babu otel ɗin da ya kai shi girma a duniya duka. Ku gwada wannan lissafi a kan allo. Shekara kwana 365 ce. In mutum ya ce zai kwana a kowane ɗaki dare ɗaya tak, gobe ya koma na gaba, sai ya shekara takwas da 'yan watanni kafin ya gama.

Ginin bene ne, hawa fiye da 25, yana fuskantar wani babban lambu da tabkin nan. Kada ku yi tsammanin da ƙafa a ke hawa. Akwai wani ɗan ɗaki da a ke kira lif, wanda igiyoyin ƙarfe ke ja sama da ƙasa da ƙarfin lantarki. Ka shiga, a danna lambar benen da ka ke so, kafin ka gama gyara hularka ka iso. A cikin gidan har wa yau aka yi wurin aski, da kantin magani, da gidan majigi, da wuraren wasanni, har da filin wasan ƙwallo a bisa rufi. Baƙo na iya yin mako bai taka titi ba.

Amma duk waɗannan ƙawa ce. Zuciyar gidan ita ce zaurukan taro. Akwai wani babban zaure mai fitilu na lu'ulu'u suna reto daga sama, da waɗansu matsakaita, da ƙanana masu yawa inda mutum ashirin ko talatin za su keɓe su yi shawara.

Yadda a ke cinikin taro

Mutanen Amurka masu son ƙungiya ne. Likitoci da tasu, malaman makaranta da tasu, masu sayar da injunan noma da tasu, haka ma'aikatan reluwe. Kowace ƙungiya takan yi babban taro sau ɗaya a shekara. Wakilai su zo daga ko'ina, su yi kwana uku ko huɗu, su ji jawabai, su zaɓi shugabanni. 'Yan kasuwa kuma su biyo su, su kafa rumfuna a wani faffaɗan ɗaki, su baje sababbin kayansu don a gani.

Ba haka kawai a ke tasowa a zo ba. Tun da sauran shekara biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, sakataren ƙungiya zai rubuto wa otel, ya ce muna son ɗaki kaza, daga ran kaza zuwa ran kaza. Sai a yi ciniki, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Otel ya rage musu kuɗin ɗaki saboda yawansu. Su kuma su yi alkawari, in mutanensu ba su cika adadin da aka rubuta ba, ƙungiya za ta biya wani abu daga cikin hasarar.

Ga wani abin lura. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki, daga la'ada ya ke ci. Mai otel kuwa sau da yawa zauren taron ne ya kan bayar da araha, ko ma kyauta, muddin an cika masa ɗakunan kwana, an kuma ci abincinsa. Dabarar duk ɗaya ce. A ba ka abu guda da sauƙi, a ci riba a wani.

Ba mai otel kaɗai ke ci ba. Direban tasi ya samu, mai gidan abinci na bakin titi ya samu, mai kanti ya samu. Hukumar gari ma tana da harajinta a kan kowane ɗakin da aka kwana. Shi ya sa biranen Amurka ke kokawa da juna wajen jawo tarurruka, kamar yadda sarakunan dā ke son ayari ya yada zango a garinsu.

Masu aikin da baƙo ba ya gani

In baƙo ya iso, akawu ne zai fara tararsa. Ya duba sunansa, dā a babban littafi, yanzu a kwamfuta, ya ba shi lambar ɗaki da mabuɗi. Mabuɗin yanzu ɗan kati ne, ba na ƙarfe ba. Daga nan baƙo ya zama lamba. Fatoma ya san baƙonsa, ya san ubansa, ya san garinsu. Otel kuwa ya san ɗaki mai lamba kaza ya ci abincin kaza, ga kuɗinsa. A ganina wannan rashi ne, amma wa zai iya riƙe sunan mutum dubu uku da ka?

Bayan bangon da baƙo ke gani akwai wani gari dabam. Ma'aikata suna da hanyoyinsu da lif nasu, don kada su riƙa cin karo da baƙi. Akwai mata masu gyaran ɗakuna. Kowace za a ba ta jerin ɗakuna goma sha wani abu a yini, ta yaye zannuwan gado, ta shimfiɗa wankakku, ta wanke makewayi, ta share. Aikin ƙarfi ne, mai cin baya da gwiwa. Akwai masu wanki da guga. Akwai makanikai can ƙarƙashin ƙasa, masu lura da tukwanen dafa ruwa da bututun da ke kai ɗumi kowane ɗaki, gama in suka yi sakaci dare ɗaya da hunturu, ruwa ya daskare cikin famfo ya fasa shi.

Sai kuma kicin. Matan da suka taɓa girkin biki sun san wahalar ciyad da mutum ɗari. To, a nan sai a ce mutum dubu za su zauna cin abinci da ƙarfe bakwai daidai, kuma ana so na farko da na ƙarshe duk su sami nasu da zafi. Babban kuku tun kwanaki kafin ranar zai zauna da alƙalami, ya lissafa nama nawa, dankali nawa, burodi nawa. Ranar kuwa sai a jera kukuna a dogon tebur, wannan ya sa nama, wannan ya zuba miya, wannan ya rufe, faranti na tafe hannu zuwa hannu. Gidan ba ya barci. Waɗansu na tashi aiki, waɗansu na kamawa, dare da rana.

Da yawa daga cikin ma'aikatan nan baƙi ne, waɗanda suka zo cin rani daga waɗansu ƙasashe suka zauna. Su ma rayuwarsu a kan taro ta rataya. Da hunturu tarurruka kan ragu a Shikago, sai a sallami waɗansu har sai ciniki ya dawo. Cikin 2018 dubban ma'aikatan manyan otel-otel fiye da 20 na garin suka yi yajin aiki. Babbar buƙatarsu ita ce kada a yanke musu kuɗin asibiti a watannin da aka ajiye su.

Ɗakin da ba shi da rumbu

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne wuyar sana'ar ta ke. Manomi in ya kai gero kasuwa ya tarar ba ya kuɗi, sai ya mai da abinsa rumbu, ya jira bazara. Mai otel ba shi da rumbu. Abin da ya ke sayarwa shi ne kwanan dare. Ɗakin da ya kwana ba kowa daren jiya, kuɗinsa ya tafi ke nan har abada, ba a sayad da daren jiya yau. A ce gida mai ɗaki 3,000 ya sami baƙi 1,000 kawai. Ɗaki 2,000 sun kwana wofi. Duk da haka sai an hura wutar ɗumama gidan, sai an biya albashi, masu bin bashi kuma ba ruwansu, suna jiran kuɗin ruwansu a kan kari.

Abin da ya sami gidan Stevens ke nan. Shekara biyu da 'yan watanni bayan buɗewa, cikin Oktoba 1929, kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe. Bankuna suka yi ta karyewa, masana'antu suka rufe. Kafin 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. Wa zai hau jirgi ya tafi taro alhali ba shi da na cefane? Zauruka suka yi tsit.

Don su ceci otel ɗin, sai su Stevens suka riƙa ɗibar kuɗi daga kamfaninsu na inshora suna ranta masa. Ramin bai cika ba. Cikin 1932 otel ya fita hannunsu, kamfanin inshora ma ya durƙushe, ga shi kuwa kuɗin talakawa ne a ciki. Hukuma ta tuhumi uban da 'ya'yansa biyu da cin amana. Tsohon ya kamu da shanyewar jiki. Ɗa guda, Raymond, ya kashe kansa. Ernest aka gurfanar gaban shari'a, aka same shi da laifi, amma cikin 1934 babbar kotun jihar ta soke hukuncin, ta ce ba a nuna ya yi wata zamba ba. Ya fita da mutuncinsa, dukiya kuwa ta tafi.

Ernest yana da wani ɗa, John Paul Stevens, wanda ya ke ɗan shekara bakwai ran da aka buɗe otel. Yaron nan ya ga duk abin da ya sami ubansa. Ya girma ya karanta shari'a, har ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta Amurka, daga 1975 zuwa 2010.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, cikin 1942, sojan Amurka suka sayi gidan dala miliyan 6, suka mai da shi bariki. Samari wajen 10,000 masu koyon aikin sojan sama aka zuba a ciki. Babban zauren nan mai fitilun lu'ulu'u ya koma wurin cin abincin kurata. Ba su daɗe ba suka sayar wa wani ɗan kwangila, Stephen Healy, ya gyara shi ya koma otel.

Taron da ya shafe mu

Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da wani gida can ƙetaren teku? To, ga ruwanku.

Cikin 1944 yaƙi bai ƙare ba, amma an soma hango ƙarshensa. Yaƙin ya sa an ƙera manyan jiragen sama masu cin dogon zango. Kowa ya san da an sami lafiya za su koma ɗaukar fasinja da kaya. Sai tambayoyi suka taso. Sararin sama na wane ne? In jirgin wata ƙasa zai ratsa ta bisa gonarka, wa zai ba shi izini? In ya zo sauka da dare, ta yaya shi da mutanen filin za su fahimci juna, ga harsuna dabam-dabam?

Amurka ta kira taro. Ran 1 ga Nuwamba 1944 wakilan ƙasashe fiye da 50 suka hallara a otel ɗin Stevens. Nan suka kwana, nan suka ci, nan suka yi gardama, har mako biyar. Wannan shi ne amfanin irin wannan gida. Ba wanda zai ce hanya ta tsare shi. Mutumin da kuka yi sa-in-sa da shi a zaure da safe, da shi za ku haɗu wajen cin abinci da rana.

Gardamar ta yi zafi tsakanin Amurka da Ingila. Amurka ce ke da jiragen ɗaukar kaya mafi yawa, don haka ta ce a buɗe sama, kowa ya yi ciniki inda ya ga dama. Ingila ta ga in aka yi haka Amurka za ta haɗiye cinikin duka, ta ce a'a, a kafa hukumar da za ta raba hanyoyi. A kan wannan ba su daidaita ba. Aka bar kowace ƙasa biyu su riƙa yin nasu ciniki tsakaninsu.

Amma sun daidaita a kan abin da ya fi muhimmanci. Ran 7 ga Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu. Aka yarda sararin da ke bisa kowace ƙasa mallakarta ne. Aka yarda kowane jirgi ya zama yana da ƙasarsa, da alamarta a rubuce a jikinsa. Aka yarda kada matuƙi ya tashi sai da takardar shaidar gwaninta, kada jirgi ya tashi sai da takardar lafiyarsa. Aka kuma kafa hukumar da za ta riƙa tsara ƙa'idodi iri ɗaya ga duniya duka. Ta soma aiki sosai cikin 1947, mazauninta yana birnin Mantiriyal ta ƙasar Kanada.

Nijeriya ba ta da kujerar kanta a taron nan, gama tana hannun Ingila a lokacin. Sai da ta sami mulkin kai cikin 1960 ta shiga. Daga baya har wani ɗan Nijeriya, Dokta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisar hukumar, daga 2014 zuwa 2019.

Kakanninmu in za su Makka, da ƙafa ko bisa jaki su ke bi ta Chadi da Sudan, waɗansu su shekara a hanya, waɗansu ma ba su dawo ba. Yau jirgi ya tashi daga Kano, ya ratsa sararin ƙasashe da dama, cikin 'yan sa'o'i ya sauka Jidda, ba wanda ya harbe shi, bai kuma yi karo da wani ba. Ƙa'idodin da aka soma shimfiɗawa a zauren nan ne ke tsare shi. In kun je filin jirgi rakiya, ku dubi jikin jirgin wajen wutsiya. In kun ga 5N, na Nijeriya ne. In 5U ne, na Nijar. In 9G ne, na Gana. Wanda ke da fasfo kuma ya buɗe shafin hotonsa, zai ga layi biyu na baƙaƙe da lambobi a ƙasa, waɗanda na'ura ke karantawa. Wannan ma tsarin hukumar nan ne.

Daga Stevens zuwa Hilton

Cikin 1945 wani gwanin sana'ar otel, Conrad Hilton, ya sayi gidan dala miliyan 7 da rabi, watau rubu'in abin da aka kashe wajen gina shi. Ga shi kuwa yaƙi ya ƙare, ciniki ya buɗe, tarurruka sun dawo. Wani ya yi shuka, wani ya girbe. Cikin 1951 aka sauke sunan Stevens aka ɗora nasa. Wanda ya san Abuja ya san akwai babban otel mai sunan Hilton a can ma, wanda aka buɗe cikin 1987.

Ba kowane taro ke ƙarewa lafiya ba. Cikin Agusta 1968 jam'iyyar Dimokurat ta zo Shikago don tsai da ɗan takarar shugaban ƙasa, manyanta suka sauka a otel ɗin nan. Dubban samari masu ƙin yaƙin da Amurka ke yi a Biyetnam suka taru a ƙofarsa. 'Yan sanda suka far musu da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, har hayaƙin ya shiga cikin gidan. Mutanen ƙasar suka kalli abin a talabijin. Kwamitin bincike daga baya ya ɗora yawancin laifin a kan 'yan sanda.

Sannu a hankali gidan ya tsufa. Baƙin zamani suka ga ɗakunan sun yi musu ƙanana. Manyan baje kolin kaya kuma suka koma wani makeken gini da aka yi musamman dominsu a bakin tabki, wanda aka fara buɗewa cikin 1960. Saboda haka cikin 1984 aka rufe otel, aka rurrushe bangaye ana haɗa ɗakuna biyu su zama ɗaya. Gyaran ya ci dala miliyan 185. Da aka sake buɗewa cikin 1985, ɗakunan sun ragu da kusan rabi. Yanzu 1,544 ne, sunan gidan kuwa Hilton Chicago.

Cikin Maris 2020 annobar korona ta sa hukuma ta hana taron jama'a. Ƙungiyoyi suka soke tarurrukansu, waɗansu suka koma ganawa ta intanet, kowa daga ɗakinsa. Aka kulle ƙofofin gidan, aka ce wa kukuna da masu gyaran ɗaki su zauna gida. Sai cikin Yuni 2021 aka sake buɗewa, bayan fiye da shekara guda.